Kan da Inna Take Tsallakewa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Inna kuwa ta riga mu komawa. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika a gidana da ke Unguwar Dosa. Bayan azahar aka kai ta makwancinta, mu kuma muka koma tsohon gidanmu na Kurmin Mashi muka shimfiɗa tabarmi, domin a can mutanenta suka san ta, can za su neme mu.

Ni ce babba a ɗakinmu, don haka ni aka zaunar a bakin ƙofarta ina amsa gaisuwa. Mata na shigowa suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Har la'asar lafiya lau nake riƙe da kaina. Sai ga wata mata ta shigo da goyo, 'yar wasu Zamfarawa da suka taɓa zama haya a gidanmu tun tana ƙarama. Ta durƙusa gabana ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Yaya, wallahi har yau in na kwanta sai in ji tafin hannun Inna a goshina. Ko uwar da ta haife ni ba ta yi mini tofin da ta yi mini ba."

Na ce Allah ya jiƙanta. Kafin ta tashi aka aiko daga zaure, wai wani direban tanka yana tsaye ya kasa shigowa don kuka, ƙato da gemu har ƙirji. Wai a gaya mini shi ne marayan nan na gidan baya, wanda Inna take bi har shimfiɗarsa ta shafe shi da addu'a shekarar da uwarsa ta rasu. Daga nan kamar an buɗe famfo. Wannan ta ce ita ma an yi mata, waccan ta ce 'ya'yanta duka sun sha. A ƙuryar ɗaki kuwa ƙanwarmu Auta, mace da 'ya'yanta har sun tasa, tana birgima tana cewa, "Wa zai yi mini tofi yanzu? Ya zan yi in yi barci?"

Na dube ta na ce a raina, ki zo in koya miki, ni na ƙware.

Mutane suka riƙa yaba mini. "Kai, Yaya akwai tawakkali, ko hawaye babu." Ba tawakkali ba ne. Kishi ne ya hana ni kuka, ranar da aka binne uwata. Duk wanda ya shigo gidan nan ya zo da rabonsa na hannunta yana nuna mini, har 'ya'yan 'yan haya, ni kuwa da na fara buɗe mata ido a duniya ina zaune ina cewa amin.

'Ya'yan yanzu, da uwa ke ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa a tsakiyar kasuwa, ta rungume shi a ɗauki hoto, ba lallai su gane abin da nake faɗa ba. Inna mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Katsina, Baba ya kawo ta Kaduna lokacin yana jan motar albasa. Ta zo da tukwanenta da turminta da kunyarta, kuma a cikin ukun nan kunyar ce kaɗai ba ta taɓa tsufa ba. A wurinsu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta taɓa shi a gaban mutane. Inna ta ɗauki abin ta ƙara masa gishiri, ko babu kowa ba ta taɓawa. Sunana a bakinta "waccan", in ta ji daɗina kuma "ɗiyar Gwaggo", wato yayar Baba da ke zaune a gidan da ke jikin namu. In za ta yi mini magana sai ta dubi bango ta ce, "A tashi a ɗora ruwa," ko "An ci abinci?" kamar da wani baƙo take a bayan labule.

Inna gajeriya ce, baƙa, mai wushirya, ga saurin tafiya kamar an aike ta. Daddawa take yi, har daga Kawo ana zuwa saye. Ba ta zama a kujera, ba ta yarda da fanka, wai iskar aro ce. In yaro ya faɗi a ƙofar gidanmu, ko na wane ne, sai ta ɗauke shi ta wanke masa gwiwa ta cusa masa ƙuli-ƙuli a hannu, sannan ta bi shi da faɗa har gidansu. Ba ta iya ganin yaro yana kuka ta wuce. Wannan na shaida, domin na sha tsayawa ina kallo.

Baba yakan yi kwanaki a hanya, Inna kuwa ta tabbata gidan da babu namiji sai an tsare shi ta ko'ina. Da an idar da isha'i za ta sa sakata, ta gangaro da turmi ta tokare ƙofa, ta naɗe dardumarta, ta shigo ɗakinmu carbi na rataye a wuyan hannunta. Ta kan ƙarami take farawa. Ta durƙusa a kansa, ta haɗa tafukanta, ta karanta surorin nan uku na neman tsari ƙasa-ƙasa, ta yi tuf-tuf-tuf a ciki, ta shafe shi daga tsakar ka har tafin ƙafa. In ta kai ƙafa sai ta ɗan ja babban yatsa, yaro ya ƙyalƙyale. Sannan ta ce da harshenta na gida, "Allah shi kwana da kai, shi tashe ka bisa ƙafafunka. Mai yawon dare shi gan ka shi ga bango."

Ni a jikin bango nake kwana. Ina jin rarrafenta yana matsowa, ina jin ƙanshin daddawa da man kaɗanya da ke hannunta. Ta gama da Auta, ta gama da ƙanena mai bi mini, ta yi wa duk wani ɗan maƙwabta da barci ya kwashe a ɗakinmu. In ta iso kaina sai ta miƙe. Iyaka ta sa yatsa biyu ta ja bakin mayafina ya rufe mini ƙafa, idonta na wani wuri, ta ce, "A gyara kwanciya." Ta hure fitila ta fita. Ni kuma in ƙura wa Auta ido a cikin duhu, tana ta minsharinta, jikinta duk addu'a, ko godiya ba ta yi ba.

Ina aji uku na firamare na yanke shawarar zan ƙwaci nawa da dabara. Na lura in ƙanena ya yi zazzaɓi Inna ba ta tashi daga kansa, tofi har sai yawunta ya ƙafe. Wata ƙawata ta gaya mini in aka sa albasa a hammata jiki yakan yi zafi, albasa kuwa a gidanmu ko akuya ta gaji da ita. Na yanka na danna, na kwanta a kan siminti cikin rana, da yamma na shige ɗaki ina nishi ina kakkarwa. Inna ta leƙo daga bakin ƙofa. Na ga fuskarta ta sauya, wallahi na gani, ƙafarta ɗaya har ta shigo. Sai ta mayar da ita. Ta ce wa ƙanena, "Ruga ka kira Gwaggo, ka ce ɗiyarta ba lafiya."

Gwaggo, Allah ya jiƙanta ita ma, mace ce mai son goro. Tofinta ba tuf-tuf ba ne, yayyafi ne, kuma ja. Ta wanke mini fuska da shi tas, ta sa aka tafasa ganyen darbejiya, ta lulluɓe ni da bargo na yi sirace har na ga taurari, ta matse mini hanci ta ɗura mini ragowar ruwan. Da ta ɗaga hannuna za ta goge mini gumi albasar ta faɗo. Ta dube ta, ta dube ni, ta tura ta ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Bayan ta tafi na ji an ajiye kwano a bakin ƙofa. Kunun tsamiya ne, an zuba masa sukari fiye da yadda ake zuba wa kowa. Muryar Inna ta ce, "A sha tun da zafi." Na sha ina hawaye, ɗacin darbejiya bai bar bakina ba. Bayan isha'i ta shigo ta yi wa masu lafiya tofinsu, ta ja mini mayafi ta fita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda masu samu suke wulaƙanta abin. Da muryar ƙanena ta fara buɗewa sai ya fara gocewa. In hannun Inna ya nufo kansa ya ce, "Haba Inna, na girma fa." Ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin zaure wurin samarin unguwa. Inna ba ta fasa ba. Ta yafa mayafi ta je ta tsaya a bakin tagarsu ta hura ta cikin ragar waya. Abokansa suka sa shi gaba, da sun ji takunta sai su ce, "A yi shiru, an zo yi wa jariri tofi." Ran nan ya shigo tsakar gida yana huci, ya ce mata ta daina kunyata shi a cikin mutane, shi ba yaro ba ne. Ban san lokacin da na ajiye tsintsiya na ɗauke shi da mari ba. Duk gidan aka ɗauka don ya ɗaga wa uwa murya ne, har Gwaggo ta sa mini albarka. Ni kuwa na san dalilina. Mutum ana bin sa da abinci yana turewa da ƙafa, a gaban mai jin yunwa.

Inna ba ta ƙara zuwa tagar ba. Sai ta koma kan takalmansa da yake bari a bakin zaure. Ta tsuguna ta karanta ta tofa musu, wai ai su ke kai shi duk inda yake zuwa. Na girma na kai munzalin aure ina kishi da silifa. Shi kuma ba a je ko'ina ba ya gaji Baba a tuƙi, mota ta kife da shi a hanyar Zariya, ya dawo da hannu a ɗaure. Daren da aka sallamo shi babu wanda ya kira shi. Da kansa ya shigo ɗakin Inna, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar har furfura ta fito masa, in dai yana gari, sai ya biya ta Kurmin Mashi an shafe shi kafin ya wuce wurin iyalinsa. Ya yar, ya dawo ya tarar an ajiye masa. Ranar rasuwar yana zaune a zaure hularsa a hannu.

Sau ɗaya na taɓa yi wa Inna maganar baki da baki. Na yi haihuwar fari na dawo gida wanka. Ita ke faskare, ita ke hura wuta tun asuba ta tafasa ruwan, amma Gwaggo ke shiga da ni banɗaki da ganye. Jika kuwa babu kunya tsakaninsa da kaka, don haka Inna ta saki jiki da jaririn, ta sa masa suna Ango. Bayan isha'i ta shigo tana cewa, "Ina angon nawa, mai kwana bai ba da na cefane ba?" Yaron yana kwance a ƙirjina. Ta durƙusa ta haɗa tafukanta, ban taɓa ganin hannun nan kusa da ni haka ba. Na ɗan sunkuyo da kaina, na ce ko feshin da ya kauce ya same ni. Ashe ta lura. Ta sa hannu ta zare yaron, ta juya mini baya, ta yi masa a cinyarta, ta dawo da shi ta ajiye.

Jego ne, jini bai gama kwanciya ba. Na ce, "Inna, ni tsinto ni kika yi?"

Ta tsaya cak. Ba ta dube ni ba, jaririn ta duba. Ta ce, "Ango, ka ji mani uwarka. Mi za a ce a gari? A ce na tsufa na zubar da kunyata?"

Na ce, "Wane gari? Mu uku ne a ɗakin nan, ɗayan ma bai san yana duniya ba."

Ta ce, "Ango, gaya mata ni ma ɗiyar fari ce. Ban san tafin hannun uwata ba har ta koma ga Allah. Ga ni, ban lalace ba."

Na ce, "Amma ai kin so."

Sai ta dafa gwiwa ta miƙe ta fita, ko mayafin ba ta ja mini ba. Kwanaki ba ta shigo ɗakin ba, sai dai ta aiko Auta ta ɗauko mata Ango ta mayar. Amma kajinta da take ji da su, waɗanda ko Baba bai isa ya sa musu wuƙa ba, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa bakin ƙofata a cikin kwano, da yaji da tafarnuwa. Kafin in yi arba'in akurkin ya zama kango. Haka Inna take da ni. Tsoka mafi girma takan ɓuya a ƙarƙashin tuwona. 'Yan kunnenta na zinari da ta zo da su daga gida, a cikin kayan aurena na tsince su a ƙulle a bakin zane, ba ta taɓa cewa ita ta sa ba. Na sani sarai tana sona, ba na buƙatar kowa ya zo ya yi mini wa'azi a kan wannan. Sanin bai taɓa hana ni jin zafin ba. Ni ba kaza na roƙa ba.

Da na tara nawa 'ya'yan na rantse ba za a yi wannan a ɗakina ba. Da ɗan farina nake farawa, in kira sunansa da ƙarfi, musamman in Inna ta zo mana kwana. Sai ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Oh, zamani." Yau shi ma ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. In na nufo shi sai ya ce, "Umma, na yi addu'ata da kaina," ya rufe ƙofa, can sai in ga saƙo a waya daga ɗakin da ke jikin nawa, wai sai da safe. Nakan tsaya a bakin ƙofar in tofa wa katako. Ashe tsugunnon da Inna take yi a kan silifa ba abin dariya ba ne.

Waya ma da ta zo ba ta gyara mini komai ba. Bayan rasuwar Baba ƙanena ya saya wa Inna 'yar ƙarama mai madannai, ya nuna mata inda za ta danna ta samu kowa. Auta ta yi aure a Doka, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma kullum bayan isha'i sai an kira ta. Inna ta karanta, ta kafa baki a jikin wayar ta yi tuf-tuf-tuf. Har wayar ta daina jin magana aka kai gyara, mai gyara ya tambaya ko a ruwa ta faɗa. In ta gama da Auta sai ta ce, "Ki kira waccan ki ji ko an rufe ƙofa." Sai wayata ta yi ƙara, in ji Auta tana hamma tana cewa, "Yaya, Inna ta ce a rufe ƙofa." Shi ke nan rabona, ragowar kira, a bakin wadda ta riga ta ƙoshi. Na ƙi jinin kiran nan, kuma ban taɓa iya runtsawa ba sai ya shigo.

Kada a ce na zalunci Auta. Yarinya ce mai kirki, hannunta a sake, ba ta riƙo. Laifinta ɗaya, a ƙarshe aka haife ta, kuma ba ta san akwai wani abu a nan da zai yi wa mutum ciwo ba. Takan turo mini ɗankwalinta a cikin taro tana dariya ta ce, "Yaya, goga kanki a nawa in sam miki." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Da ta san abin da nake ji a lokacin da ba ta ƙara zama kusa da ni ba.

Bara da damina hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti aka zauna shawarar inda za ta yi jinya. Gidan Auta bene ne, ƙanena kullum yana hanya, saboda haka aka kawo ta wurina. Ta sha wuya, ba ta ciwon kaɗai ba. Matar da ta shekara hamsin tana kauce wa jikina, yau ni ke cire mata zane, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. In na shigo da bokiti sai ta runtse ido ta ce, "A bari Auta ta zo." In ce, "Auta sai la'asar, Inna, ba za ki wuni a haka ba." Ta juya fuska bango har in gama.

La'asar na yi Auta za ta iso, tana ƙamshin turare, da ledar lemo da ayaba. Ta haye gado ta kwanta a jikin Inna suna hira suna dariya. In za ta tafi sai ta tura kai, Inna ta ɗaga hannunta na dama mai rai ta yi mata tofin dare tun rana na sama, don kada ta kwana babu. Ni ina tsakar gida ina shanya zannuwan da na wanke, ina jin tuf-tuf-tuf ta taga. A nan na cire rai. Na ce wa kaina tsohuwar nan za ta tafi da abin nan a hannunta, kuma ba zan sake roƙo ba, na yi girma da wannan.

Ina so a san hankalin Inna bai taɓa gushewa ba har ranar da ta cika. Harshenta ya yi nauyi, amma ta san kowa, ta san ranar kowace kasuwa, daga kwance take tuna mini wadda ta ari rariyarta ba ta mayar ba. A satinta na ƙarshe, wata ranar Lahadi, Auta ta zo kamar kullum ta karɓi nata. Inna da bakinta ta kore ta, ta ce ta tashi ta tafi kafin magariba, hadari na haɗowa, kuma ta gaida mai gidanta. Ina tsaye aka yi. Ta bi ta da ido har ta fita, ta ji tashin Keke Napep ɗin da ya ɗauke ta.

Bayan isha'i na ba ta magani, na gyara mata matashi, na fara sakin gidan sauro. Fuskarta na bango. Sai na ji ta ce, "Auta."

Na ce, "Inna, Auta ta tafi gida tun ɗazu. Ke kika ce ta tafi."

Ta ce, "Auta, zo nan. Kawo kanki."

Raina ya ɓaci. Wato duk wahalar nan, ko a mafarkinta ma Auta ce. Na ce, "Ni ce fa, Inna. In kira miki ita a waya?"

Ta ce, "Ke dai kin cika musu. Na ce Auta, kawo kanki."

Na tsaya da bakin gidan sauro a hannuna. Idonta a rufe yake gam, irin rufewar da take yi in na shigo da bokiti. Hannun dama kuwa ta riga ta ɗaga shi sama yana jira. Na zame ɗankwalina. Na dafa gado na durƙusa da ƙyar, domin gwiwata ta dama ta daɗe tana ba ni wuya, ban dai taɓa kai wa Inna ƙararta ba, ba mu saba irin wannan hirar ba. Na sa kaina a ƙarƙashin hannun.

Auta gashi gare ta har kafaɗa, kullum cikin kitso. Ni nawa guntu ne, rabi furfura. Tafin ya sauka a kansa bai janye ba. Ya yi sanyi, ya yi laushi, babu sauran ƙanshin daddawa, sai na man zafin da nake shafa mata. Ta karanta a hankali, harshen na sarƙewa tana komawa baya tana gyarawa, ba ta tsallake ko harafi ba. Ta tofa. Hannun ya bi goshina, ya bi kunnena, ya sauka a kafaɗata, iyakar inda zai iya kaiwa ke nan. Ban yi motsi ba, ko numfashi a hankali nake ja, kada in yi abin da zai sa ta fasa.

Ta ce, "Allah shi kwana da ke, shi tashe ki bisa ƙafafunki. Mai yawon dare shi gan ki shi ga bango." Ta ɗan huta. Na ɗauka ta gama, sai ta ƙara da cewa, "Gwiwar nan kuma Allah shi sassauta maki ita. Tun haihuwar Ango take cin ki, kina ɓoyewa."

Auta ba ta taɓa ciwon gwiwa ba, kuma ba ita ta haifi Ango ba.

Na kifa fuskata a katifa na yi kukan da mata suka nema a idona ranar makoki ba su gani ba. Ta bar ni na ɗan lokaci, yatsunta na cikin furfurata. Can ta zare hannunta ta mayar ƙarƙashin zane, ta gyara fuskarta ga bango ta ce, "To, ya isa. A tashi a kashe fitila."

Ba ta sake ba, ni ma ban nema ba. Ranar Laraba ta tafi.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da kunyarta. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka sa kwanciyar nan hutu ce, ka tashe ta a kan ƙafafunta tare da mutanen kirki. Auta kuwa na san za ta karanta wannan ta ce ai da sunanta aka yi, nata ne aka ba ni aro. Ta faɗi abin da take so. Ita aka kira, amma a kaina ya sauka, kuma ba zan sam mata ba.